Kalmar da Kallamu Ya Kawo daga Lakwaja

Yaran yanzu suna ba ni haushi. Yaro zai yi wata uku a birni yana bin mota, ya dawo yana dukan ƙofa yana cewa "orait", yana kallonmu a ɗage kamar shi ya kawo Turanci Tsamiyar Jaji. To su sani, wannan kalma ta riga Bature zuwa garinmu, ta riga mota, ta riga makaranta. A ƙafa ta zo, a bakin wani mai haƙar rijiya da ake kira Kallamu, tun Kano ba ta yi basasarta ba. Kakata ce ta ba ni labarinsa, ita kuma ta ji daga tata kakar, wadda ta sha ruwan rijiyoyin da ya haƙa.

Kallamu Babarbare ne. Kakanninsa daga Barno suka taso, suka zauna a nan wajen Makoda, inda gona ke manne da gona, kana naka shingen kana jin tarin maƙwabcinka. Sun daɗe har Hausa ta cinye bakinsu. A gidansu uwarsa Yakaka kaɗai ta riƙe Barbarci, da shi ta lallashe shi yana goye, da shi take zaginsa in ya yi ɓarna. Shi kuwa tun da ya yi wayo ya daina amsa mata da shi, don yaran gari suna yi masa dariya.

Da damina gidansu noma suke kamar kowa, da rani kuwa haƙar rijiya. Aikin ba shi da wuyar fahimta. Mutum ɗaya ne a ƙasa da daginsa, yana sara, yana cika babban guga na fata da ƙasa da marmara. In ya ɗaure gugan da kyau sai ya yi kira, na sama su ja. Igiya ɗaya ce, wadda ke fito da ƙasa ita ke fito da mutum. Na sama ba ya ganin komai sai duhu, da kunne yake aiki, ran na ƙasa kuma yana hannunsa.

Matsalar ita ce ba kai kaɗai ne a cikin rijiya ba. Kowane mahaƙi ya san akwai mutanen ɓoye a can, kuma ba sa son mai sara musu ɗaki. Ba duka suke yi ba, ba shaƙewa suke yi ba, aron murya suke yi. Masu boko za su ce amsa-kuwwa ce, ko kuma mugun numfashin ƙasa ne ke juya wa mutum kai. Su faɗi abin da suka ga dama, ba su taɓa riƙe igiya ba.

Haka aka yi wa Umara, uban Kallamu, a wata rijiya can wajen Zakirai. Kallamu yana saurayi, yana cikin masu riƙe igiya. Suka ji muryar Umara sarai ta ce, "Ku ja!" Suka ja. Ashe bai gama ɗaure gugan ba. Ya taso har rabin rijiya cike da marmara, ƙullin ya kwance, ya koma a kansa. Da aka fito da shi akwai sauran numfashi, ya dubi ɗansa ya ce, "Ni ban ce ku ja ba." Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Ana gama sadakar arba'in Kallamu ya bi wasu fatake kudu, bai yi sallama da kowa ba sai uwarsa. Ya yi dako a ƙasar Nufe, ya yi ta gangarawa har Lakwaja, inda koguna biyu suka haɗu. A can ya ga jirgin Turawa mai hayaƙi, ya samu aikin lodi a ciki. Ka ji ikon Allah, wanda ya gudo daga rami, rami aka sake jefa shi. Cikin jirgin wani kogo ne mai duhu da zafi, ana zura kaya da igiya, ana fito da kaya da igiya, shi ne a ƙasa yana ɗaurewa.

A nan ya tsinci kalmar. Baturen da ke tsaye a bakin kogon zai leƙo, in ya ga kaya sun ɗauru sai ya ce "orait", a ja. Kallamu ya ɗauka ma'anarta ke nan, a ja. Sai kuma ya ji an tambayi wanda ya faɗi ko ya ji ciwo, ya kakkaɓe jikinsa ya ce orait. Ya ji an zuba wa Bature ruwa a kofi, ya ɗaga hannu ya ce orait, wato ya isa. Ya ji mutum biyu sun yi ta gardama, ɗaya ya gaji ya ce orait, wato na yarda. Ya ji an faɗe ta da fushi, ma'ana tashi ka ba ni wuri, za mu gamu. Har wani Bature da zazzaɓi ya kayar, idanunsa sun yi rawaya kamar ɗorawa, duk wanda ya leƙa shi orait yake ce masa, kuma washegari aka binne shi. Kallamu ya ce bai taɓa ganin kalma mai ɗaukar kaya irin wannan ba, jaki guda ce tana yi wa gari duka aiki.

Ya yi shekaru a can bai koyi wata ba. Ba daƙiƙi ba ne, kunnensa ne ya tsaya a kan ita kaɗai, don ya hango mata aikin da ko Turawan ba su sani ba.

Da ya dawo ya tarar da Yakaka ta tsufa, idonta ya fara hazo. Ya ciro dagin ubansa daga bayan rumbu, ya kai maƙera aka gyara masa baki. Sa'an nan ya nemi mai riƙe masa igiya, ya zaɓi Dabo, wani Bafulatanin gida da suka tashi tare. Dabo ƙato ne, marar yawan magana, sai in ya ga Kallamu, to nan fa wasan Fulani da Barebari yake tashi.

"Bawana ya dawo," in ji Dabo. "Me ka kawo wa ubangidanka daga bakin kogi?"

"Kalma guda."

"Kalma? Mutane suna dawowa da goro da gishiri, kai ka dawo da iska a baki. Babarbare dai Babarbare ne."

Kallamu ya ja shi can tsakiyar gona, nesa da kowace rijiya, ya yi masa bayani. Ya ce mutanen ɓoye sun iya Hausa, sun iya Barbarci da Fillanci da Buzanci, Larabci kuwa sun riga malamai iyawa, don tun zamanin Annabi Sulaimanu suke zaune da mutane suna sauraro. Amma wannan kalma ba a taɓa faɗinta a ƙasar nan ba. "In na sauka, ka riƙa buga gungumen bakin rijiya da ƙota. In na ce orait sau ɗaya, lafiya nake, ka bar igiya yadda take. In na faɗe ta biyu a jere, ka ja. Ban da wannan, Dabo, ko me ka ji, ko da muryata ce, ko da sunanka aka kira, ko kuka ka ji ina yi, kada ka ja. Ba ni ba ne."

"To ai kai ma in ka faɗe ta a ƙasa za su ji."

"Su ji mana. Daga baki ɗaya ba sa koyo, a wurinsu kamar tari ce. Sai sun ji magana tana yawo a bakin jama'a, yau da gobe, sannan suke gane inda ake ajiye ta. Kafin su farga na gama rijiyar na yi gaba."

"Me zai hana ka girgiza igiya kawai?"

"Tambayi matan da ake riƙe wa guga a ƙasa ko su waye ke riƙewa."

Dabo ya rantse masa. Liman ma da ya ji ƙishin-ƙishin ya kira Kallamu ya tambaye shi ko surkulle ne ya koyo a wurin kafirai. Kallamu ya ce a'a, Malam, ba ta kiran kowa, ba ta roƙon kowa, kalmar "to" ce kawai ta wasu mutane. Liman ya ce in dai da bisimilla kake sauka, babu laifi.

Haka suka yi ta aiki rani bayan rani. Daga Makoda har Tsanyawa babu ƙauyen da ba su bar rijiya ba, kuma ko ƙwarzane Kallamu bai taɓa yi ba. Dabo ya sha jin abubuwa. Ya ce akwai ranar da wata murya ta yi ta kiran "ja, ja" daga ƙasa kamar mai wasa da yaro, akwai ranar da aka kira shi da sunan da kakarsa kaɗai ke kiransa. Ya dafe igiya ya buga gungume, Kallamu ya amsa da kalmarsa, aka ci gaba da aiki. Na yarda da Dabo, mutumin da bai iya ƙarya ba ko a wasa.

Wanda ya ɓata lamarin Nababa ne, wanzamin garinmu, Allah ya gafarta masa, ni dai har yau ina jin haushinsa. Ya je kallon haƙa wata rana, ya ji kalmar ta fito daga rami, ta yi masa daɗi a baki. Washegari ya gama yi wa wani aski, ya shafa ƙwaryar kansa ya ce, "Orait!" Aka fashe da dariya. Magana zarar bunu ce. Kafin damina ta faɗi kalmar ta shiga kowane gida. Mai jaki in ya gama ɗaura mangala, orait. Mace in ta taɓa gari ta ji ya yi laushi, ta ce wa abokiyar dakanta orait. A tambayi uwa jikin yaro, orait. Dattawa su gama shirya masu rikicin iyakar gona, wani ya ce to orait, a shafa fatiha. Babu wanda ya koya musu duk waɗannan, su da kansu suka nemo mata gurabenta, kusan daidai da yadda masu ita suke yi.

Wannan duk bai dami Kallamu ba. Abin da ya tayar masa da hankali tsohuwar rijiyar tsakar gari ce, wadda ta girmi kowa, inda mata ke taruwa safe da yamma. Guga ya cika, orait. A ɗora wa wata tulu, orait. Suna sunkuye a kan bakinta suna zuba mata kalmar kamar masu ba kaza tsaba. Ya je ya yi musu faɗa. Ya ce ku faɗe ta a kasuwa, ku faɗe ta a gado, amma ban da nan, bakin rijiya ba wurin wasan makaho ba ne. Suka ce ji Babarbare da rowa, har magana ma sai ya hana. Yana juya baya wata ta ce orait, suka kwashe da shewa.

Bayan wasu shekaru wata mata ta je ɗiban ruwa ita kaɗai da tsakar rana. Gugan ya cika, ta faɗi kalmar don sabo, ta janye, ta juye a tulu, ta naɗe igiyarta. Har ta ɗauki gammo, sai aka mayar mata da kalmar daga ƙasan rijiya, a hankali, kamar mai gwada sabon takalmi. Ta bar tulun a nan ta gudu. Aka ce rana ce ta buge ta.

Sai aka yi shekarar da damina ta yi gardama. Ruwa ya ɗauke da wuri, gero ya yi rabin kai, bazara ta zo da zafin da tsofaffi suka ce ba su taɓa gani ba. Ƙananan rijiyoyi suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, ta tsakar gari ta koma laka. Mai unguwa ya tara mutane, aka ce babu makawa sai an yashe ta an ƙara mata zurfi, kuma kowa ya san wanda zai sauka.

Kallamu ya ce a ba shi wuri ya haƙa sabuwa. Aka ce kafin ka kai ruwa awaki sun mutu, yara ma ba a sani ba. Ya ce wannan rijiyar ta daɗe tana sauraro. Nababa ya ce, "Ka yi wa garuruwan wasu rijiya, naka garin ne za ka bari da ƙishirwa? Ko tsufa ne ya zo da tsoro?" Kallamu ya juya ya bar taron. Ya koma gida ya tarar da uwarsa tana tace laka da tsumma don ta samu abin alwala. Ya daɗe yana kallonta, sannan ya ɗauki dagi.

A hanya Dabo ya ce, "Mu sake wata kalmar mana."

"Wace? Duk abin da ni da kai za mu ƙirƙira da bakin nan namu, sun riga mu saninsa. Ita kaɗai na zo da ita. Da na sani da na ɗauko biyu." Ya yi 'yar dariya, Dabo bai taya shi ba. "Mu yi yadda muka saba. Ka riƙe alkawarinka, ko me ka ji."

Da hantsi ya sauka. Maza suna bayan Dabo a kan igiya, mata suna can nesa a gindin tsamiya, Yakaka tana zaune a cikinsu a kan 'yar tabarmarta. Da fari komai lafiya. Kalma biyu a jere, a ja guga cike da baƙar laka mai wari, a zubar, a mayar. Rana ta take tsaka, gugan ya koma ƙasa, sai aka ji shiru, ba sara ba motsi.

Dabo ya buga gungume.

"Orait," in ji muryar Kallamu, sau ɗaya, a natse.

Dabo ya saki numfashi. Amma bai gama saki ba sai ga wata murya daga ƙarƙashin waccan, a shaƙe, tana kakari, tana zuba wani yare da babu wanda ya gane a cikin mazan. Igiya ta fara rawa a hannunsu. A tsakiyar maganar Dabo ya ji sunansa, ya sake ji. Tsigar jikin kowa ta tashi, wasu suka fara a'uziyya. Nababa ya ja da baya yana cewa, "Ga su nan, wallahi ga su nan, sun fara."

Dabo ya sake bugawa.

"Orait."

Lafiya lau, babu haki, babu gaggawa. Ɗaya muryar kuwa ba ta tsaya ba.

Sai aka ga Yakaka ta miƙe. Tsohuwar da sai an riƙe ta take zuwa bayan gida, ta taho tana tuntuɓe da kunyoyin tsohuwar gona, ta ratsa maza har bakin rijiya.

"Ɗana ne. Ku ja shi."

"Inna, ki koma inuwa," in ji Dabo. "Kin ji ya ce lafiya yake."

"Wancan ba ɗana ba ne. Ga ɗana can yana Barbarci. Ku ja!"

"Inna, rabon Kallamu da Barbarci tun yana yaro. Su ne suka iya kowane yare. In guga ne a ɗaure rabi da rabi, na ja, na kashe shi da hannuna. Haka aka yi wa Baba Umara."

"Ni za ka gaya wa abin da aka yi wa Umara? Ni na yi takabarsa. Dabo, don Allah, don Annabi, ka ja."

Ban taɓa iya zargin Dabo ba, ko da yake na so in yi. Mutumin ya rantse, kuma shekara da shekaru wannan rantsuwar ce ke fito da abokinsa da rai. Ya tsaya gumi yana zuba, hawaye yana zuba, ya buga gungume a karo na uku, aka ba shi amsar nan mai sanyi. Ya ce, "Kin ji ko, Inna? Kin ji?" Abin da shi da Kallamu ba su taɓa sawa a lissafi ba shi ne, wanda numfashi ke ƙare wa ba ya tuna kalmar da ya aro a Lakwaja.

Muryar da ke kakari ta yi ƙasa, ta koma kamar ta yaro mai jin barci, ta ɗauke.

Yakaka ta kama igiyar da kanta. Ta ja, igiyar ba ta motsa ba, ta rataya a jikinta da duk ɗan nauyinta, kabar tana yanka mata tafin hannu har jini ya fito. Ganin jinin ne ya karya Dabo. Ya yi salati da ƙarfi ya ja, maza suka taya shi. Tun daga nauyin suka san ba guga ba ne.

Kallamu ne. Ya ɗaura igiyar a ƙarƙashin hammatarsa da irin ƙullinsa na jirgi wanda ba ya kwancewa, ya yi duk abin da na ƙasa zai yi, saura na sama. Aka shimfiɗe shi a kan lakar da ya fitar, leɓɓansa sun yi baƙi, jikinsa da ɗumi, babu numfashi. Aka yi ta fifita, aka yi ta kiran sunansa. Ƙotar da ke hannun Dabo ta suɓuce ta faɗa a kan gungume, ƙwas. Ga Kallamu kwance a gabansu, kansa a cinyar uwarsa, kuma daga can ƙasa aka amsa, da muryarsa, sau ɗaya, a natse.

Babu wanda ya leƙa. A makon nan aka cike rijiyar da ƙasa da ƙaya, garin ya koma ɗiban ruwa a wata rijiya da Kallamu ya haƙa a ƙauyen gaba, har damina ta sauka. Nababa ya kwashe askarsa ya bar garin, ba a kore shi ba, gaisuwarsa ce aka daina amsawa.

Dabo bai sake taɓa igiyar rijiya ba. Shi ya riƙa nome wa Yakaka gonarta, yana kawo mata itace ya ajiye a ƙofa ya juya, don ba ya iya haɗa ido da ita. Sai bayan an yi girbi ya yi ƙarfin hali ya shiga. Ya same ta tana kaɗi, tafin hannun ya warke ya bar tabo. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya daɗe yana zane a ƙasa da tsinke.

"Inna, ran nan, me yake cewa?"

Ta ci gaba da murza mazarinta kamar ba ta ji ba. Can ta ajiye.

"Sunanka dai ka ji shi da kunnenka, ba sai na juya maka ba. Da ya ga ba ka ja ba, sai ya bar kiranka. Cewa yake, Inna, zo ki ɗauke ni."